Kaburburan Bayan Katanga

Elfrida tana tsakiyar baza 'ya'yan kofi a filin shanya ƙararrawar coci ta fara bugawa. Ta dogara da manjagara tana ƙirgawa. Zagaye uku ne da ɗan hutu a tsakani, wato magidanci ne ya rasu, kuma duk kwarin Alto Sabiá ba wanda zai tambayi ko wane ne. Anselmo Kalk ne, mutumin da ya shekara arba'in yana ɗirkar barasar rake yana jibgar matarsa har ya kurmantar mata da kunne ɗaya. To amma a kan gadonsa ya cika, da bargo a ƙafarsa. Don haka gobe maƙwabta za su haƙa masa, a shiga da shi ta ƙofar maƙabarta da waƙa, fasto ya yi wa'azi a kan hutun masu aminci.

"Ka ji ana buga wa waliyyi," ta ce wa mijinta.

Ervino bai ɗago ba. Irin mutanen nan ne da za ka ce musu gida ya kama wuta su ce to, sannan su ƙarasa ɗaurin buhun da ke hannunsu. Ta ja tsaki ta ci gaba da jan kofi da ƙarfin da aikin bai nema ba.

Shekara huɗu ke nan da ɗansu Valdemiro, wanda kowa ke kira Miro, ya kashe kansa yana da shekara ashirin da shida. Shi ne mai busa babban ƙaho a cikin mabusan coci, ba jana'izar da aka yi a kwarin nan tun yana ɗan sha biyar da bai raka gawa da busa ba. Sai ya shiga ciwon kai da rawar hannu bayan daminun da ya yi yana feshin gonar tumatir ba ko ƙyalle a hancinsa, ya daina cin abinci, ya daina magana, wata safiya aka wayi gari babu shi. Ranar ba a taɓa igiyar ƙararrawa ba. Mabusan da ya koya wa rabinsu kowa ya zauna a gidansa. Aka zagaya da akwatinsa ta hanyar gona, aka binne shi a bayan katangar yamma, kabarinsa a gicciye ba ya kallon inda sauran matattu ke kallo, kusa da waɗansu maza biyar da suka riga shi ta wannan hanya.

Al'ada ce, in ji su, da kakanni suka tsallako teku da ita zuwa Brazil tare da littafin waƙoƙi da irin dankali. Ka tambayi aya ta nawa ce ta faɗi haka, sai a fara gyaran murya ana kallon takalma.

* * *

Maza ne suka raɗa musu suna Matan Laraba, don a yi dariya, sunan kuwa ya zauna. Asali zumuntar mata ce da ke haɗuwa kowace Laraba a ɗakin bayan coci suna ɗinkin mayafin tebur. Wata rana Dona Hulda Ratzke, wadda mijinta Arlindo ke kwance a bayan katangar shi ma, ta ajiye allura ta ce ita kam ta gaji da ɗinka wa bagade, teburin ibadar coci, ado alhali ana binne mazan garin kamar mushe. Larabar da ta biyo baya sai ga mata sun ninka, kafin shekara maganar ta kai ikilisiyoyi biyar ɗin da fasto ɗaya ke zagayawa da babur.

Abin da suke nema ba shi da yawa. A buga wa kowa ƙararrawa, kowa ya shiga ta ƙofa. Su kuma shidan da aka riga aka binne, ba sai an tone kowa ba: a rushe katangar yamma, a gina sabuwa taku goma a baya, shi ke nan sun shiga cikin jama'a. Wannan na ƙarshen shi ne abin da ya hana Elfrida barcin rana. Ba ta damu da ta gyara duniya ba. So take ta shiga ta ƙofar maƙabarta kamar kowace uwa, ta tarar da ɗanta a ciki.

Suka rubuta wa majalisar cocin yanki da ke birni, mata tamanin da bakwai suka sa hannu, waɗansu da dangwala yatsa. Wata goma sha ɗaya suna jira. Sati biyu bayan binne Anselmo amsa ta iso, Fasto Nivaldo ya zo ɗakin ɗinki ya karanta musu a tsaye, yana tura tabarau da ɗan yatsa. Takardar shafi biyu ce, kuma an iya rubutu. Majalisa tana baƙin ciki tare da 'yan'uwa mata. Majalisa tana tabbatar musu cewa coci ba ta da irin wannan doka, ba ta taɓa yin ta ba. Amma da yake maƙabarta ta ikilisiya ce, babban taron ikilisiya ne kaɗai zai iya yanke hukunci, majalisa kuma ta kafa kwamitin da zai nazarci al'adun jana'iza a karkara.

Wata goma sha ɗaya, don a gaya musu su koma su tambayi mazajen da suke kwana ɗaki ɗaya da su.

Elfrida ta ce tun da ba doka ba ce, ai sai fasto ya ba da umarni a kawo guduma. Fasto Nivaldo ya yi murmushin nan nasa na mai ciwon haƙori. Ya yi bayanin cewa shi da zuciya ɗaya yana tare da su, amma shekararsa biyu kawai a kwarin, har yanzu ba ya jin yaren da tsofaffi ke yi a gida, kuma mabuɗin maƙabarta da igiyar ƙararrawa duk a hannun dattawa suke. Abu irin wannan sai a hankali, kada a raba kan garke.

"Fasto," ta ce, "kai makiyayi ne a nan ko baƙo?"

Matan suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Shi kuwa ya ninke takardar gida huɗu, ya ce zai sa su a addu'a.

* * *

Shugaban dattawan ba wani ba ne, yayan Elfrida ne Lindolfo Tesch, ciki ɗaya. Ta same shi a ɗakin awo yana gyaran sikeli, ya ba ta kujera da kofi mai zafi, ya saurare ta har ƙarshe da fuskar mutumin da ya riga ya san amsa. Ya ce shi ma Miro ɗansa ne, shi ya riƙe shi ranar baftisma. Amma katangar nan ba don mugunta kakanni suka bar mutane a bayanta ba, don tsoratarwa ce. In samari suka ga ana buga wa mai irin wannan aiki ƙararrawa da waƙa, me zai hana su?

"Yaya, mutum shida ne a baya cikin shekara goma sha biyu, kuma katangar tana tsaye. Wa ta hana?"

Ya ce da babu ita wa ya san ko ashirin ne. Ta kawo masa maganar wata ma'aikaciyar lafiya, wadda ta ce maganin feshin nan yana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma duk shidan masu feshi ne. Ya ce ai shi ma yana feshi, ga shi zaune. Daga ƙarshe dai ya yarda zai sa maganar a jerin babban taro na watan Satumba, a ƙasa, bayan muhimman batutuwa.

A taron ikilisiyar Alto Sabiá gida ɗaya hannu ɗaya ne, hannun kuma na maigida. Gwauruwa irin Dona Hulda, surukinta ne ke ɗaga hannu da sunan gidanta, ko ta so abin da ya zaɓa ko ba ta so ba. Don haka Matan Laraba suka koma aikin da suka fi kowa iyawa. Wata ta yi sati uku tana ba mijinta burodin masara mai sanyi har ya ce a bar shi haka, zai ɗaga. Wata ta tuna wa nata wanda ya yi jinyar uwarsa shekara shida. Gidaje arba'in da uku ne, Dona Hulda ta bi su ɗaya bayan ɗaya a bayan littafin waƙoƙinta, ta sami ashirin da biyu. Da ƙyar ne, amma ya isa.

A cikin ashirin da biyun har da gidan Ervino. Elfrida ba ta tambaye shi ba, kuma ba ta ga dalilin tambaya ba. Wa ke tambayar uba ko yana son a shigar da ɗansa cikin mutane?

* * *

Aka yi taron bayan sujadar Lahadi, maza a dama, mata a hagu, rana tana dukan kwanon rufi. Sa'a ɗaya da rabi aka kwashe a kan aladen bikin godiyar girbi, ko biyu za a yanka ko uku, da wanda ya bar tsiran naman bara ya ƙone. Sannan rufin bayan gida. Sannan ko ya dace mabusa su sa riga iri ɗaya. Elfrida tana zaune tana murza gefen siket ɗinta, tana kallon manyan mutane masu jikoki suna tada jijiyar wuya a kan tsiran nama.

Sai da yara suka fara kukan yunwa Lindolfo ya duba agogo ya ce akwai wata 'yar magana daga ɓangaren mata, an ba Dona Hulda minti biyar. Ta miƙe ba takarda a hannunta. Ta kira sunayen shidan ɗaya bayan ɗaya, da sunan uban kowa, da gonar da yake nomawa, da kujerar da yake zama a cocin nan. Ta ce ba ta zo musu a kan zunubi ba, wannan tsakaninsu da Ubangiji ne, kuma ba ta ji an naɗa kowa a ɗakin nan ya tsare masa ƙofa ba. Ta zauna tun minti biyar bai cika ba.

Lindolfo ya ce masu son a rushe katanga su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi, waɗansu da sauri, waɗansu sai da aka waiwayi ɓangaren hagu. Marubucin taro ya bi layi da alƙalami. Ashirin da ɗaya.

Elfrida ta nemi ƙeyar mijinta a layi na huɗu. Hannuwansa biyu suna kan gwiwa. Ta ɗauka bai ji ba, har ta yunƙura za ta miƙe, sai Lindolfo ya ce waɗanda ba su yarda ba fa. Tana kallo Ervino ya ɗaga hannun dama, bai ko kai kafaɗa ba, kamar mai riƙe abu mai nauyi. Marubuci ya ƙirga da shi. Ashirin da biyu.

Abin da ya biyo baya sama-sama ta ji shi. Mata suka kaure da surutu, wani dattijo yana buga sanda a ƙasa. Fasto Nivaldo, wanda tun safe bai ce uffan ba, ya miƙe da sauri ya ce yana da shawarar da za ta haɗa kan kowa. Tun da taro ya ƙi a rushe tsohuwar katanga, a bar ta. Amma ba abin da ya hana a gina sabuwar, a kewaye 'yan'uwan nan shida, don a nuna ba a yar da su ba. Masu katanga sun sami katangarsu, mata sun sami tasu. Yunwa tana cin kowa, hannuwa suka tashi kusan gaba ɗaya, aka rufe da addu'a. A bakin ƙofa Dona Hulda ta riƙe hannun Elfrida ta ce kada ta karaya, ko ba komai an taka mataki. Elfrida ta zare hannunta.

* * *

Tafiyar rabin sa'a ce zuwa gida, hanyar jar ƙasa tsakanin gonakin kofi. Yana gaba da hularsa a hannu, tana biye. Ta yi niyyar ta kai gida kafin ta buɗe baki, amma a wajen gadar katako abin ya fi ƙarfinta. Ta ce masa duk abin da ya zo bakinta. Ta ce shekara talatin da biyar tana zaune da dutse tana ce masa miji. Ta ce ko Anselmo mashayi da zai ɗaga wa ɗansa hannu. Ta tambaye shi ko tsoron Lindolfo ne, ko kunyar maza, ko kuwa dama bai taɓa son yaron ba.

Ya tsaya a tsakiyar gadar yana kallon ruwa.

"Wa ya haƙa kabarin?" ya ce.

Ta sani. Ranar tana kwance ba ta san inda kanta yake ba, amma an gaya mata.

"Ni kaɗai. Na je gidan mutum biyar, kowa ya ce in yi haƙuri, al'ada ce. Na haƙa tun safe har rana ta karkata, ni na auna shi a gicciye da igiya. Ina haƙa ina ce wa kaina haka Allah ya ce, ba yadda zan yi. Yanzu kun kawo takarda daga birni wai ba wanda ya taɓa cewa haka." Ya mayar da hular kansa. "In na ɗaga hannun nan, Frida, to ni na kai yaron nan bayan katanga, ba wanda ya sa ni."

Shekara huɗu ba ta ji ya yi magana mai tsawon haka ba. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa kuma bai ragu da ƙwayar zarra ba, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Ta so ta ce masa to don kada ka ji ciwo sai yaron ya dawwama a waje? Ta wuce shi ta yi gaba, suka ci abincin rana kowa yana kallon kwanonsa.

* * *

Aka yi ginin cikin Oktoba, aikin gayya na Asabar uku. Elfrida ba ta nan, ta tafi gari wajen 'yarta da ta haihu, kuma ko da tana nan ba ta da niyyar dafa wa masu ginin ko ruwan zafi. Labari dai ya iske ta cewa Ervino ne farkon zuwa kuma na ƙarshen tashi, shi ya ɗauki rabin duwatsun a kafaɗarsa.

Ta dawo ana gobe ranar ziyarar kaburbura. Da hantsi ta yanko fararen furanni a lambunta, ta ɗauki bokiti da buroshi, ta bi hanyar gona kamar yadda ta saba. Daga nesa ta hango sabuwar katangar, fara tas, ta haɗe da tsohuwar ta gefe biyu. Ba ta so ta yarda ba, amma ta yi kyau. Ta bi gefen arewa ba ta ga mashiga ba. Ta bi tsawon yamma, ta karya kwana zuwa kudu, ta dawo inda ta fara. Ta ce ko ta ciki aka fasa, ta zagaya ta shiga babbar ƙofa, ta ratsa matan da ke durƙushe suna wanke duwatsun mazajensu suna hira. Tsohuwar katangar tana nan yadda take, ko tsaga babu.

Lindolfo yana kan tsani a kusurwa yana ƙarasa shafa farar ƙasa.

"Yaya, ina ƙofar?"

Ya sauko mataki biyu, ya goge hannu a wandonsa, ya yi mata bayani da haƙurin mai koya wa yaro karatu. Ƙofa ta ciki ba za ta yiwu ba, don fasa ƙofa rushe katanga ne, taro kuwa ya ƙi. Ta waje kuma ba a kawo maganarta ba, abin da aka ɗaga wa hannu katanga ce, katanga aka gina. Dattawa ba su da ikon ƙara ko bulo ɗaya a kan abin da ikilisiya ta yanke. An lura da abin tun Asabar ta biyu, har fasto ya ce lallai a duba. In tana so, zai sa a jerin taron baɗi.

"Baɗi," ta ce.

"Satumba. Kamar gobe ne."

Ta san in ta buɗe baki a cikin maƙabarta sai an yi shekara ana ba da labari. Ta fita, ta sake zagayawa ta hanyar gona zuwa inda take jin kabarin yake. Ta zubar da ruwan bokitin a gindin kofi, ta kife shi, ta dafa katangar ta hau. Haɓarta ce kawai ta kai sama. Ga su nan su shida a ɗan tsukin fili, ciyawar damina ta fara rufe su, na Miro shi ne na can ƙarshe, jikin tsohuwar katanga. Ta laluba da yatsun ƙafa ko za ta sami inda za ta taka, babu. Duwatsun sun zauna daram, an cike kowane tsakani da kyau, ta gane aikin hannun mijinta.

Ta warware furannin ta fara jefawa ɗaya-ɗaya. Ba su da nauyi, iska tana karkatar da su. Biyu suka sauka a kan kabarin Arlindo, sauran a cikin ciyawa. Na ƙarshen ta ja numfashi ta wurga da duk ƙarfinta, ya faɗi taku ɗaya kafin ya kai.

Ta daɗe a tsaye a kan bokitin, farar ƙasar da ba ta gama bushewa ba tana manne wa gaban rigarta.